Sakatar Ɗakin Roland

Litinin, 7 ga Janairu

Wasiƙa daga ma'aikatar kashe gobara. Wai likitanmu ne ya ba da sunanmu, za su zo ranar Alhamis su duba lafiyar gida da ta mutanen gida, tunda mun haura saba'in da biyar. Lafiyar mutanen gida kuma? Yaushe 'yan kwana-kwana suka zama likitoci? Da can sai gida ya kama suke zuwa, yanzu kuwa shayi suke bi gida-gida.

Na karanta wa Roland. Ya ce, "Wane gida?" Na ce namu. Ya ce to, a gaishe su.

Shekara ashirin da bakwai mijin nan nawa ya yi yana kashe wa garin nan gobara. Sana'arsa kafinta, amma da ƙararrawar kira ta buga a ƙarƙashin matakalarmu sai ya jefar da abin da ke hannunsa, cokali ne ko guduma, minti huɗu yana ofishin kwana-kwana. Don kusancin ofishin muka zauna a gidan nan, ba don kyansa ba. Yau ga shi yaran da ba a haifa ba a lokacin za su zo su koya mana kashe murhu.

Talata, 8 ga Janairu

Gillian ta bugo daga Leeds. "Mama, ya jikin Baba?" Da sauƙi. "Ke fa?" Lafiya lau. Minti shida muka yi.

Ban gaya mata jiya da sunan yayarsa da ta rasu ya wuni yana kirana ba. Na san abin da za ta ce, tun Kirsimeti ta faɗa: gidan kula da tsofaffi, akwai mai kyau, har da lambu. 'Yata ce, ina sonta, amma bakinta ya cika sauri. Ranar aurenmu a coci ban ce zan riƙe shi sai an samu wuri mai lambu ba. Roland a gidansa zai zauna, ni zan kula da shi, magana ta ƙare.

Laraba, 9 ga Janairu

Shara da goge-goge, kar su ce tsohuwa ta kasa.

Na daɗe tsaye gaban sakatar. Bari in rubuta yadda abin yake, ko don kaina. Tun Oktoba na sa ta a ƙofar ɗakinsa, ta waje, bayan ranar da na dawo daga kanti na tarar ya kunna gas bai sa ashana ba, ya fita ta ƙofar baya. Ba na taɓa ta sai in zan fita, kanti ko kemis, minti ashirin, da yawa talatin. Ina bar masa shayi da rediyo da bokiti. Bai taɓa sanin ma na rufe ba.

Na ɗauko sukundireba, sukuru na farko ya ƙi motsi, yatsuna kuma yau ba sa jin magana. Na bar ta. Silin suke dubawa, ba ƙofofi ba.

Alhamis, 10 ga Janairu

Su biyu suka zo, ba ma da jar motar ba, da wata 'yar ƙaramar mota kamar ta masu gyaran famfo. Mace ɗaya, Lorna, za ta yi arba'in, da wani ƙato Dermot da sai da ya sunkuya ya shigo.

Roland na kan kujerarsa, tun safe bai ce uffan ba. Yana ganin yunifom sai ya miƙe. Ko sandarsa bai ɗauka ba! Ya gyara wuyan rigarsa. Na ce musu tsohon ma'aikacinsu ne. Dermot ya ƙame ya ce, "Yallaɓai, duba gida muka zo, ko za ka zagaya da mu?" Wasa yake, na sani, irin wanda ake yi wa tsofaffi. Roland ya ƙare masa kallo ya ce, "Ina tocilarka? Ba ka zo da ita ba? Kai wa ya horar da kai?" Lorna ta fashe da dariya, ni ma na yi. Rabona da jin muryar nan tasa ta ba da umarni shekara biyu ke nan.

Ya zagaya da Dermot kamar gidan wani ne. Ya nuna masa soket ɗin da na cusa wa filogi huɗu, ya ce matar gidan nan ba ta jin magana. Suka kafa ƙararrawar hayaƙi biyu, ɗaya ƙasa ɗaya sama, farare kamar murfin kwano. Da Dermot ya danna ta gwaji na ga Roland ya zabura ya dubi ƙofa, amma ganin su ba su motsa ba sai ya tsaya. Ban kawo komai a raina ba.

Ita kuwa Lorna ni ta sa a gaba. Na taɓa faɗuwa? Gidan na ɗumi? Mutum nawa nake hira da su a mako? Ina ɗan shan giya? Ta naɗe dardumar bakin kicin, wai dardumar ce za ta karya ni. Har ƙasan silifas ɗina ta duba. Na ce, "'Yar nan, gobara kika zo nema ko miji za ki samo mini?" Ta ce, "Misis Garstang, yawancin ƙofofin da nake ɓallewa yanzu ba wuta a bayansu. Mutum ne kwance a ƙasa tun jiya."

Sai muka jiyo Roland daga sama. "Wane sakaran ne ya sa wannan?"

Na hau. Yana tsaye, yatsarsa a kan sakatar. "Sakata ta waje! Kun gani? Haka muka tarar a gidan Ormerod shekarar babban sanyi. Yara biyu a bayan ƙofa, uwar ta je sayen madara." Ya juyo ya dube ni tsakar ido, kallon baƙuwa. "Madam, wa kike kullewa a nan?"

Na ce kare ne, lokacin da muke da kare. Sakata sabuwa fil tana ƙyalli, karenmu kuwa shekara goma sha ɗaya da mutuwa.

Dermot ya kwance ta, Roland na riƙe masa sukurori a tafin hannu, sai alfahari yake. A kicin Lorna ta rage murya. "Abin da na gani dole in rubuta. Amma na fi son in rubuta abin da kika gaya mini." Ban gaya mata komai ba. Ta ce ko na yarda ta haɗa ni da ma'aikatan jin daɗin jama'a su kawo mini taimako. Na san taimakonsu, su zo da takarda su tafi da miji. Na ce a'a, na gode. Za ta dawo bayan mako uku.

Suna tafiya ya koma kujerarsa, ya tambaye ni ko an ba shi abinci yau.

Juma'a, 11 ga Janairu

Ban kula shi ba har rana ta yi tsaka. Fushi da mutumin da bai san ya yi ba. Ni ce sakarar.

Litinin, 14 ga Janairu

Tunda ba sakata, na tafi da shi kanti. Tafiyar minti ashirin ta ci mana awa ɗaya da rabi. Ya ɗauki gwangwanin wake daga kwandon wata mata ya ƙi saki. Ta ce ba komai, da irin murmushin nan. Gara a zage ni.

Alhamis, 17 ga Janairu



Burodi ya ɗan ƙone wajen gasawa, hayaƙi kaɗan, ƙararrawar ta ɗauka. Ƙara kamar za ta tsaga kunne. Ina ta kaɗa mata tawul, ina juyowa na ga ƙofar gaba a wangale. Da silifas ya fita, ba kwat. Mutumin da hawa bene ke cin masa minti goma, gudu yake.

Na bi shi ina kira. Ya faɗa babban titi, inda manyan motoci ke bi zuwa tashar jiragen ruwa, bai dubi dama ba bai dubi hagu ba. Na ji birki. Tsakaninsa da motar bai fi taku biyu ba. Direban ya diro yana zagi, da ya ga tsoho ne sai ya dafa motarsa yana haki.

A tsohon ofishinsu na same shi, wanda yanzu kantin kafet ne. Yana jijjiga ƙofar gefe. "Ina mota? Sun tafi sun bar ni? Na makara ne, Enid?" Sunana daidai, yau ɗin. Na ce ba ka makara ba, kiran ƙarya ne. Ya yi kuka a gaban masu sayen kafet.

Sun kafa mini abin ceto, ga abin da ya yi. Shi duk ƙarar da ta yi kama da wannan kira ce, shekara ashirin da bakwai jikinsa ya saba, kuma jikin bai manta ba.

Asabar, 19 ga Janairu

Ƙararrawar ta sake ɗauka, wajen suyar kifi. Na tare shi a bakin ƙofa, ya hankaɗe ni na bugu da bango. Shekara hamsin da shida bai taɓa ɗaga mini yatsa ba. Ba ni ya ture ba, wani abu ne da ya tsaya tsakaninsa da gobara. Na san haka. Kafaɗar dai ta yi baƙi.

Lahadi, 20 ga Janairu

Ban je coci ba. Na hau tsani na murɗo ƙararrawar duka biyu, na naɗe a tsohon bargo na kai rumfar bayan gida. Na mayar da sakata a ramukanta na da, da ƙyar, da man girki a kan sukurori.

Gobara dai wataƙila ce. Babbar mota kuwa na gan ta da idona.

Laraba, 23 ga Janairu

Kanti da kemis, minti ashirin da biyar. Na tarar da shi yana jin rediyo. To, ga shi nan, me ya faru?

Laraba, 30 ga Janairu

Gobe Lorna. Na cire sakata, na mayar da ƙararrawa. A gidana, da shekara saba'in da tara, ina ɓoye-ɓoye kamar ɓarauniya.

Alhamis, 31 ga Janairu

Ita kaɗai ta zo. Roland na barci, na gode Allah.

Ba ta da wauta, wannan zan ba ta. Ta ɗaga kai ta dubi ƙararrawar ƙasan, ta miƙa hannu ta ciro zaren bargo daga jikinta. Ta hau sama, ta shafa ramukan sukurori, ta dubi garin katako a yatsarta. Sannan ta ce, "Ki ɗora mana ruwan shayi, Enid." Ban ba ta izinin kiran sunana ba, amma na ɗora.

Na gaya mata na babbar mota. Ban yi niyya ba, fita ya yi. Launin fuskarta ya sauya. Ta ce, "Wayyo. Ni na ga ya zabura ranar nan. Ya kamata in gane, wannan laifina ne." Ta ce akwai wata irin ƙararrawa da ba ta ihu a gida, sai dai ta girgiza wani abu a jikina ta kuma kira ofis, akwai kuma abin da ke sanar da mutum in an buɗe ƙofa, akwai wurin da zai riƙa wuni sau biyu a mako in samu in fita. Amma duk sai ta hannun ma'aikatan jin daɗin jama'a. Na ce na riga na ce a'a.

Ta ajiye kofinta. "Na riga na aika musu. Tun ranar farko. In ana kulle mutum ba a jiran izini, haka aikin yake."

Na ce kin ci amanata, kin sha shayina kin kai ƙarata. Na ce wata rana ke ma za ki tsufa, Allah ya haɗa ki da mai takarda irinki. Ta tsaya ta shanye maganata duka. Da za ta fita ta ce, "Ki tsane ni, ba komai. Alkawari ɗaya nake roƙo: kar ki haɗa biyun. In da sakata, a bar ƙararrawa." Na ce na ji, don ta tafi. Ta rubuta lambarta a kati ta zura a aljihun kwat ɗina da ke rataye, kamar ban gani ba.

Asabar, 2 ga Fabrairu

Alkawarin ya kwana biyu. Tururin wanka kaɗai ya tayar da ƙararrawar sama. Duka biyun sun koma rumfa, sakata ta koma ƙofa.

Talata, 5 ga Fabrairu

Wasiƙa daga ma'aikatan jin daɗin jama'a. Za su zo "tantance buƙatunmu" ranar 26. Saura mako uku. Zan wanke shi tas, in sa masa rigarsa mai ruwan toka, in nuna musu gidan nan ba ya neman kowa.

Juma'a, 8 ga Fabrairu

Rana mai kyau, bari in rubuta kar in manta akwai irinta. Ina yanke masa farce ya riƙe hannuna ya ce, "Hannunki ya yi sanyi, yarinya." Ya hura masa iska kamar yadda yake yi a bakin teku muna saurayi da budurwa. Ya cinye tuffarsa duka. Wa zai san yana son a ɓare masa ita a wancan gidan mai lambu?

Litinin, 11 ga Fabrairu

Rediyo ya ce ƙanƙara za ta rufe arewacin Ingila duk makon nan. Maganinsa zai ƙare jibi. Kemis na kawowa gida in ka cika takarda, ni kuwa na gaji da takardu.

Asabar, 16 ga Fabrairu

Hannun hagu ne ya karye, don haka zan iya rubutu. Ba ni da hujjar ƙin rubutawa.

Ranar Laraba ƙarfe goma na rufe shi. Sanyi ya yi yawa, na kunna masa hita. Na karɓo magani, ina fitowa daga kemis ƙafata ta tafi. Na ji ƙas a wuyan hannu, kaina ya bugi dakali. Mutane suka taru, wani ya rufa mini kwat, motar asibiti ta zo. Yarinyar motar ta ce, "Mama, akwai wanda ke jiranki a gida?"

Na ce babu.

Na faɗa da bakina, hankalina garau. Na lissafa: a ɗaure hannu, awa ɗaya, in hau tasi in dawo, ba wanda ya sani. In na faɗa kuwa, shi ke nan, ranar 26 ba sai sun tantance komai ba.

Asibitin na garin gaba. Aka ajiye ni a baranda a kan kujera mai taya, masu karaya sun fi ashirin a gabana, ƙanƙara ta zubar da rabin tsofaffin gundumar. Sha ɗaya. Sha biyu. Ina kallon agogo ina gaya wa kaina yana barci, yana jin rediyo. Ƙarfe ɗaya suka ce sai an ɗauki hoton kaina, ba inda za ni. Wata nas ta sake tambaya ko a kira mini wani. Na ce 'yata tana nesa, kar a dame ta.

Biyu da minti ashirin wata mata kusa da ni ta cire safarta da ta jiƙe, ta shanya a kan bututun ɗumama baranda. Sai na tuna. Roland na shanya safarsa a kan hita, kullum sai na cire. Hita a kunne, ƙofa a kulle, ƙararrawa biyu a naɗe cikin bargo a rumfa.

Na laluba aljihu da hannu ɗaya, na ciro katin Lorna. Na roƙi nas ta danna mini lambar.

Na ce, "Lorna, Enid ce. Roland na ɗaki a kulle. Hita na kunne. Na cire ƙararrawar." Baranda cike da mutane, kowa ya ji.

Ta ce, "Tun yaushe?"

"Ƙarfe goma."

 Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Kar ki kashe waya." Na ji tana magana da wani da sauri. Ta dawo ta ce mota ta tashi. Minti goma sha ɗaya na riƙe wayar nan a kunnena, ban taɓa jin tsoro irinsa ba, kuma ni na jawo shi da hannuna.

Awa huɗu da minti ashirin na yi shiru. Na rubuta a nan don kar gobe in rage.

Lahadi, 17 ga Fabrairu

Dermot ya zo gida da rana gyara ƙofar gaba da suka ɓalle, a ranar hutunsa. Na matsa masa sai da ya gaya mini. Bai so ba.

Ba gobara. Roland da kansa ya zare filogin hitar. Da ya ja ƙofa ya ji ta a kulle, ya kira ba amsa, sai ya ɗauka gidan ne ya kama. Ya yi duk abin da ya shekara yana koya wa mutane. Ya jiƙa tawul da shayinsa ya toshe ƙasan ƙofa. Ya buɗe 'yar tagar sama ya rataya rigar matashi a waje don a gani, taga ta bayan gida, ba mai gani sai tsuntsayen teku. Ya gwada kwance ƙofar da cokalin shayi har farcensa biyu suka cire. Sannan ya zauna a ƙasa ƙarƙashin taga, inda iska ta fi tsabta, cikin rigar barci, yana jiran mutanensa. Sanyi na kwarara a kansa awa nawa, Allah kaɗai ya sani.

Da suka zare sakata ya ce musu, "Kun makara, samari." Leɓensa ya yi shuɗi. Suka zo ɗaukarsa ya riƙe ƙafar gado. "Matata tana ƙasa. Ku fara fitar da matata." Dermot ya ce sai da ya rantse masa an fitar da ni lafiya sannan ya saki.

Ƙaton nan ya gama ba ni labari yana kallon guduma. Na ce ya sha shayi, ya ce a'a.

Laraba, 20 ga Fabrairu

Sanyin ya sauka masa a ƙirji, amma ya fita hatsari. Yau suka ɗauke shi daga asibiti zuwa gidan kula da tsofaffi na bayan filin ƙwallo. Mako biyu, kafin hannuna ya yi ƙwari. Jami'ar jin daɗin jama'a ta maimaita, mako biyu, sannan a zauna a duba. Ni ma na maimaita.

Gillian na nan tun Alhamis. Na shirya wa faɗanta, ban samu ba. Ta ga kafaɗata ina canza riga, tabon bai gama bajewa ba. Ta ce, "Mama, lafiya lau ɗin ke nan?" Ta shiga banɗaki ta kunna famfo don kar in ji.

Juma'a, 22 ga Fabrairu

Lorna ta zo ta mayar da ƙararrawa. Na kasa haɗa ido da ita. Na ce ta rubuta duk abin da ta ga dama, gaskiya ne. Ta ce ta rubuta cewa ni na kira. Na ce bayan awa huɗu. Ta ce, "Shi ma na rubuta."

Na nemi gafarar abin da na ce mata ranar nan. Ta ce an yi mata wanda ya fi shi, wani tsoho har tukunyar fure ya jefe ta da ita.

Litinin, 25 ga Fabrairu

Gillian ta koma. Gidan shiru. Na dafa ƙwai biyu kafin in tuna.

Alhamis, 28 ga Fabrairu

Na je wurinsa. Yatsunsa na naɗe har yanzu. Masu aikin sun ce kullum da safe sai ya zagaya ya duba ƙofofin fita da tukwanen kashe wuta, sun ba shi allo da takarda, suna ce masa Yallaɓai. Ƙofar waje da lamba ake buɗe ta, kuma in wuta ta tashi da kanta take buɗewa, ya yi mini bayani sau uku. Ya ƙara ƙiba, haushi ya kama ni. Tuffa ba ɓarewa suke ba shi, yana kuma ci.

Bai san ni ba yau. Ya ce, "Madam, kin warke? Kin yi sa'a, da ƙyar aka fitar da ke." Na ce na gode. Bai tambayi gida ba. Na zauna ina jira ya tambaya har lokacin ziyara ya ƙare.

Asabar, 2 ga Maris

Na yi barcin awa goma. Na farka na ji daɗi, sannan na ji kunyar jin daɗin.

Laraba, 6 ga Maris

Yau mako biyu suka cika. Jami'ar ta bar saƙo a waya, in kira ta mu sa ranar zama. Ban kira ba, hannuna na ciwo, kuma ruwa ake.

Jiya mai wankin gidan tsofaffin ta ce in rubuta sunansa a kayansa, suna cakuɗewa da na wasu. Ta ba ni alƙalamin da ba ya wankewa. Na ce mata ba sai an wahala ba, kwana nawa ne. Ta ce duk da haka.

Da rana na zauna a bakin gadonsa na nan gida na fito da kayan. R. Garstang a wuyan riga, R. Garstang a ƙugun wando. Da hannu ɗaya abin ba sauri, sai na danne da gwiwa. Rigunan sanyi, kayan barci, mai ruwan tokar. Ban ankara ba na kai ƙasan durowa, har gajerun rigunansa na bazara na rubuta, da hular ranarsa. Bazara kuwa sai nan da wata uku.

Alƙalamin ne yana hannuna kawai. Na sa su a jaka tare da sauran.